Idan ɗan sanda ya tare ka a hanya: abin da za ka faɗa da abin da za ka bari sai gaban alƙali

Yawancin haɗuwar mutum da ɗan sanda a kan titi ba ta wuce 'yan mintoci. A yi tambaya biyu ko uku, a duba takarda, kowa ya kama gabansa. Waɗanda ke ɓaci kuwa tun a farkon fari suke ɓaci, kafin ma a san ko akwai laifi ko babu: wani ya zura da gudu saboda firgita, wani ya fizge hannunsa, wani ya shiga zuba bayanin da ba a tambaye shi ba, wani ya miƙa wayarsa a buɗe don yana tsammanin dole ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mafi yawan waɗannan mutane ba masu laifi ba ne. Ba a taɓa zaunar da su an gaya musu inda ikon ɗan sanda ya tsaya da inda nasu nauyin ya fara ba.

Duk abin da zan faɗa ya ginu ne a kan abu ɗaya. A bakin titi jikinka zai bi umarni, bakinka zai faɗi rashin amincewarka a fili, kanka kuma zai riƙe abin da ya faru. Ba a cin shari'a a kan titi, amma ana iya zubar da ita a can.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai dai ginshiƙansu ɗaya ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966, wadda ƙasashe sama da 170 suka amince da ita, ta haramta kama mutum haka siddan, ta wajabta a gaya masa dalilin kamun a lokacin da ake kama shi, kuma a kai shi gaban alƙali ba da ɓata lokaci ba. Inda aka sami bambanci zan kawo misali daga dokokin ƙasashe daban-daban, domin ka san abin da za ka nema a dokar ƙasar da kake.

Mataki na farko: ka tsaya, a ga hannayenka

Da zarar an ce ka tsaya, ka tsaya. In a mota kake, ka rage gudu, ka sa sigina, ka gangara inda ba za ka tare hanya ba, ka kashe inji, ka sauke gilashi. Da dare ka kunna fitilar cikin mota. Hannayenka su kasance a kan sitiyari, fasinjoji kuma kowa ya bar nasa a fili. Kada ka fara lalube a aljihu ko ƙarƙashin kujera don ka fito da takardu kafin a tambaye ka. Kai ka san lasisi kake nema, shi wanda ke tsaye a bakin tagar bai sani ba, kuma shi ne ke riƙe da makami. In an nemi takardar sai ka ce: "Yallaɓai, tana cikin aljihuna na baya, zan ɗauko." Sannan ka ɗauko a hankali.

Kada ka gudu ko da kana da yaƙinin ba ka yi komai ba. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Habana a 1990 sun ce jami'i ba zai yi amfani da bindiga ba sai in ana fuskantar barazanar kisa ko mummunan rauni, kuma babu wata hanyar da ta rage. Gudu kaɗai ba ya halatta harbi. To amma wannan hujja ce da iyalanka za su kai kotu bayan ta riga ta afku, kai kuwa abin da kake so shi ne ka koma gida da ƙafafunka.

In wanda ya tare ka yana cikin farin kaya, kana da damar neman ganin katin shaidarsa, cikin ladabi. In wurin duhu ne kuma hankalinka bai kwanta ba, ka nemi a matsa inda ke da haske da jama'a ko a tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Mataki na biyu: ka gane a wane matsayi kake

Tsayuwa da ɗan sanda iri uku ce, kuma kowacce da hukuncinta. Akwai tambaya kawai, inda jami'i ke neman bayani kamar yadda kowa zai iya tambayar kowa. Akwai tsarewa ta ɗan lokaci, inda yake zargin wani abu yana so ya tabbatar. Sai kamu. Jami'in ba lallai ya gaya maka wacce ake ciki ba, kuma mutane da yawa suna shafe rabin sa'a a tsaye suna amsa tambayoyi alhali da sun tambaya da tuni sun tafi.

Tambayar ita ce: "Yallaɓai, an tsare ni ne, ko zan iya tafiya?" In ya ce ka tafi, ka yi sallama ka tafi a natse, ba tare da ƙarin magana ba. In ya ce ka tsaya, sai ka bi da ta biyu: "Me ake zargina da shi?" Waɗannan tambayoyi biyu suna da aiki fiye da yadda ake zato. Suna tilasta jami'in ya ambaci dalili, kuma dalilin da ya ambata a lokacin shi ne za a auna daga baya.

Ma'aunin da dokoki da yawa ke amfani da shi shi ne zargi mai tushe, wato abin da jami'in zai iya nunawa: wani bayani da ya samu, ko wani abu da ya gani kana yi. A Amurka kotun ƙoli ta kafa wannan ma'auni a shari'ar Terry ta 1968. Dokar 'Yan Sanda ta Najeriya ta 2020 ta fito fili ta ce launin fata, shekaru, irin aski ko kitso da irin tufafin mutum ba sa zama tushen zargi. Saurayi mai tara suma ko mai riƙe da kwamfuta a jaka ba abin zargi ba ne don wannan kaɗai.

Mataki na uku: suna da takardu

Direba ba shi da zaɓi a nan. Tuƙi abu ne da ake yi da izini, saboda haka lasisi, takardun mota da inshora dole ne ka nuna in an nema. In aka ce ka fito daga mota, ka fito. Mai tafiya a ƙasa lamarinsa ya danganta da ƙasa. A Faransa ana iya tsare wanda ya kasa tabbatar da ko shi wane ne har na tsawon sa'a 4 domin a tantance. A Ingila ba dole ba ne ka faɗi sunanka don kawai an tsayar da kai ana tambaya. A Amurka wasu jihohi sun wajabta faɗin suna in ana zarginka, wasu ba su wajabta ba.

Shawarata ita ce ka faɗi sunanka na gaskiya. Da wuya faɗinsa ya cutar da kai, ƙin faɗinsa kuwa yakan tsawaita tsayuwar. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne ba da sunan ƙarya ko takardar jabu. Shiru haƙƙi ne, ƙarya ga jami'i laifi ne mai zaman kansa a wurare da yawa, kuma yakan mayar da wanda ba shi da laifi mai laifi nan take.

Mataki na huɗu: in aka ce za a caje ka

Nan ne mutane suka fi sakin haƙƙinsu ba tare da sun sani ba. Bincike yana halatta ta hanyoyi kaɗan: da takardar izini daga kotu, ko da zargi mai tushe inda doka ta ba da dama, ko bayan kamu, ko kuma da yardarka. Wannan ta ƙarshen ita ce ƙofa mafi faɗi. In jami'i ya ce "bari in duba jakar nan" kai kuma ka miƙa, ko ka buɗe but ɗin mota da hannunka ba ka ce uffan ba, za a iya cewa ka yarda, kuma yardar tana wanke binciken da ba shi da wani dalili tun asali.

Saboda haka ka faɗa da murya madaidaiciya, yadda na kusa za su ji: "Ban amince da bincike ba, amma ba zan hana ka ba." Sannan ka cika alkawari, kada ka riƙe jakar, kada ka tare ƙofar. Mai yiwuwa ya ci gaba da bincikensa, kuma mai yiwuwa doka ta ba shi dama. Kai dai ka ajiye wa lauyanka hujja.

Akwai abubuwan da za ka nema kafin a fara. A dokar Ingila ta 1984 da kuma Dokar 'Yan Sanda ta Najeriya ta 2020, jami'in zai faɗi sunansa, ofishin da yake aiki, abin da yake nema da dalilin da ya sa yake nemansa a wurinka. Binciken da ake yi a bainar jama'a bai kai ga tuɓe mutum ba. In ana buƙatar fiye da laluben tufafin sama, sai a keɓe. Mace kuwa tana da damar cewa mace 'yar'uwarta ce za ta caje ta, kuma ina roƙon mata su faɗi wannan ba tare da jin nauyi ba: "A kira mini 'yar sanda." In mota ake cajewa, ka tsaya inda idonka ke kan hannun mai binciken, a yi wuri ɗaya bayan ɗaya. Ba laifi ba ne ka roƙi ya nuna tafin hannunsa kafin ya zura shi cikin kayanka. Duk abin da aka ɗauka, ka nemi a rubuta.

Waya ta fi jaka nauyi. A cikinta akwai saƙonninka, hotunan iyalinka, asusunka na banki, da sirrin wasu mutane da suka amince maka. Shi ya sa kotun ƙolin Amurka a 2014, a shari'ar Riley, ta yanke cewa ko bayan an kama mutum sai da takardar izinin kotu za a binciki abin da ke cikin wayarsa. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganganun waya, kuma rundunar 'yan sandan ƙasar ta sha nanata cewa ba ta yarda jami'anta su riƙa binciken wayoyin mutane a kan hanya ba, musamman tun lokacin zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zarafin 'yan sanda a Oktoban 2020, wadda wannan ɗabi'a na cikin abubuwan da suka haddasa ta. Ka sa wa wayarka lambar sirri. Buɗewa da yatsa ko fuska yana da sauƙi, amma kuma yana da sauƙin yi maka da ƙarfi. In an karɓe wayar kada ka yi kokawa a kanta, kada kuma ka fara goge abubuwa a gaban jami'i, don ana iya ɗaukar hakan a matsayin ɓata shaida.

Mataki na biyar: ka rage magana

Na san abin da wasu za su ce: in ba ka yi laifi ba me za ka ɓoye? Ai mai gaskiya ma yana tuntuɓen harshe. Mutumin da ke cikin firgici yana iya cewa ƙarfe takwas ya fita alhali tara ce, ko ya ce bai san wane ba sannan a ga lambarsa a wayarsa saboda wata hulɗa da ya manta. Wannan saɓanin za a rubuta shi a matsayin ƙarya. Kuma kai ba ka san abin da ake bincike a kai ba, don haka ba ka san wace kalma ce za ta ɗaure ka ba. Magana zarar bunu ce.

Haƙƙin yin shiru yana cikin yarjejeniyar 1966, wadda ta ce ba za a tilasta wa mutum ba da shaida a kan kansa ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya ya ba wanda aka kama damar ƙin amsa kowace tambaya har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Gargaɗin nan da ake karanta wa wanda aka kama a Amurka, cewa yana da damar yin shiru da neman lauya, ya samo asali ne daga shari'ar Miranda ta 1966. Amma akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, shirun ana furta shi ne. Kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2010 cewa zama jugum bai wadatar ba, sai mutum ya faɗa a fili cewa yana amfani da haƙƙinsa. Ko a ina kake, hakan ya fi: "Ba zan amsa tambaya ba sai na ga lauya." Na biyu, a Ingila kotu na iya yin la'akari da cewa mutum ya ƙi ambatar wani abu a lokacin tambaya sannan ya zo ya dogara da shi a shari'a. Wannan ma dalili ne na neman lauya da wuri, don shi ne zai gaya maka lokacin da magana ta fi shiru amfani.

Da ka faɗa, ka tsaya a kai. Za a iya ce maka "ai hira ce kawai" ko "ka faɗa mu sallame ka". Babu hirar da ba ta shiga takarda.

Mataki na shida: in kamu ne

Kada ka turje, ko da kamun zalunci ne ƙarara. Wannan shi ne mafi ɗaci a cikin abin da zan faɗa, kuma na san yana da wuyar haɗiyewa. Amma fizge hannu, ture jami'i ko riƙe ƙofar mota suna haifar da sabuwar tuhuma wadda za ta iya tsayawa ko da ta farkon ta rushe, kuma suna ba da hujjar amfani da ƙarfi. Ka ce: "Ba na turjiya. Ina so a gaya mini dalilin kama ni." Dokar shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta ce ba a sa wa mutum ankwa sai in akwai fargabar zai gudu ko zai yi faɗa, ko don kare lafiyarsa, ko da umarnin kotu. In an sa maka ta matse ka, ko kana da ciwon da ke buƙatar magani kamar asma ko ciwon suga, ka faɗa da ƙarfi kuma ka maimaita.

Ka tabbata wani ya san inda za a kai ka. Ka tambayi sunan ofishin a gaban jama'a, ka ba wani na kusa lambar ɗan'uwanka. Ka haddace lamba ɗaya aƙalla, don wayarka ba za ta kasance a hannunka ba. In a ƙasar waje kake, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba ka haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarku, amma sai ka nema.

Akwai kamu iri biyu da ya kamata kowa ya san haramtattu ne. Ba a kama uba saboda ɗansa ya gudu, ko mata saboda ana neman mijinta. Dokar Najeriya ta 2015 da ta 2020 duk sun hana. Kuma ba a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, matuƙar babu zamba a ciki. Wannan aikin kotun da ke sauraron ƙararrakin bashi da ciniki ne.

Mataki na bakwai: a caji ofis

Ka lura da lokacin da aka kama ka, domin agogo ya fara aiki. A Najeriya doka ta ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. A Ingila da Faransa wa'adin farko sa'a 24 ne, ƙarinsa kuma sai da izini. Ƙa'idojin Luwanda da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta fitar a 2014 sun sa iyaka a sa'a 48.

A rubuta kayan da aka karɓa daga hannunka ɗaya bayan ɗaya, har adadin kuɗi, ka duba kafin ka sa hannu. Bayani kuwa kada ka rubuta ko ka sa hannu sai lauyanka na nan. Kada ka sa hannu a farar takarda, ko a rubutun da ba ka karanta ba, ko a harshen da ba ka ji. Kana da haƙƙin tafinta. In ba ka da halin ɗaukar lauya, ka nemi na hukumar ba da tallafin shari'a kyauta. In ka sa hannu, ka ja layi a kan filin da ya rage a ƙasa don kada a ƙara wani abu.

Duka, rataya, hana barci ko barazana don a tatsi iƙirari haramun ne ba tare da togiya ba. Yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ta ce umarnin na sama ba uzuri ba ne, kuma bayanin da aka samu ta wannan hanya ba ya zama shaida. Dokar hana azabtarwa ta Najeriya ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga wanda ya aikata. In an tilasta maka sa hannu, ka gaya wa lauyanka da alƙali tun a zaman farko. Beli a ofishin 'yan sandan Najeriya kyauta ne, kuma mace na iya tsaya wa mutum kamar yadda namiji zai tsaya.

Na goro, kamara da shaidu

Kada kai ka fara tayin kuɗi. Mai bayarwa da mai karɓa duk doka ta hau kansu. In tara ce ta gaskiya tana da takarda da rasit da wurin biya, sai ka ce: "A rubuta mini, zan je in biya." In an tare ka a wurin da ba kowa kuma ka ga ranka na cikin haɗari, ba wanda zai zarge ka don ka ba da abin da aka ƙwace. Wannan ƙwace ne, kuma ana kai ƙararsa. In ta banki aka sa ka tura, shaidar tana hannunka.

Ɗaukar bidiyon jami'i a bainar jama'a halas ne a ƙasashe da yawa matuƙar ba ka hana shi aiki ba, ko da yake wasu wurare kamar barikin soja da filin jirgin sama suna da nasu hani. Bidiyon da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka a birnin Miniyafolis na Amurka ranar 25 ga Mayun 2020 shi ne ya ƙaryata sanarwar farko da aka fitar kan mutuwar George Floyd, baƙar fatar da wani ɗan sanda ya danne wa wuya da gwiwa, kuma ya taimaka wajen samun jami'in da laifin kisa a 2021. In kai ɗan kallo ne, ka tsaya nesa kaɗan, ka ɗauka a fili, kada ka shiga tsakani da jikinka, ka adana kwafi a wani wuri kafin ka yi komai da shi. Ka tuntuɓi wanda abin ya shafa ko lauyansa kafin ka watsa a intanet.

Bayan an rabu

A ranar, kafin ka kwanta, ka rubuta komai: lokaci, wuri, sunan jami'i ko lambar da ke ƙirjinsa, lambar motarsu, abin da aka ce da abin da ka ce, da lambobin waɗanda suka gani. In akwai rauni ka ɗauki hotonsa, ka je asibiti a ranar ka karɓi rahoton likita, domin kumburi yana sacewa kafin ranar shari'a.

Ƙorafi a rubuce ake yinsa, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kusan kowace ƙasa na da hanya uku: sashen karɓar ƙorafi na rundunar kanta, hukuma mai zaman kanta, da kotu. A Najeriya akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar, da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, sannan ana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, inda sashe na 35 ya tanadi diyya da neman gafara a bainar jama'a ga wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba. In kana da tuhuma a kanka wadda ba a gama ba, ka nuna wa lauyanka takardar ƙorafin kafin ka miƙa ta, domin duk abin da ka rubuta a ciki ana iya kawo shi a shari'arka.